Goshin Injiniya

Masu karatu, na ga saƙonninku. Masu cewa in yi haƙuri, na gode. Masu cewa girman kai ne ke damuna, ku ma na gode. Ke kuma baiwar Allah da kika ce in tura miki lambarsa idan ba na so, ki ɗan dakata ki gama karanta wannan tukuna.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: shekaruna ashirin da tara, ina aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti, ban taɓa aure ba. A gidanmu wannan na ƙarshen kawai ake gani. Babu wanda ya ce zai yi min dole. Abba ba ya dole. Abin da yake yi shi ne ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Uwata, ni dai na zuba miki ido," saboda sunan mahaifiyarsa gare ni. Umma ta yi ajiyar zuciya a kicin yadda zan jiyo daga ɗakina. Auta kuma, ƙanwata da saurayinta ya gaji da jiran in kauce musu, ta daina gaishe ni da baki, sai da hanci. Dole ta fi wannan sauƙi. Ko ba komai ka san da wa kake faɗa.

Mutumin da aka zuba min ido a kansa Injiniya ake ce masa. Ɗan aminiyar Gwaggo ne, yayar Abba, kuma ita ta kawo shi. A ƙasar waje yake zaune. Sau biyu na taɓa ganinsa ido da ido, duka a falon Abba, cikin shadda mai ƙarar sitati, yana magana yana kaɗa makullin motar wansa. Sauran sanin da na yi masa ta waya ne: hoto da hular kwano a gaban gini mai gilasai, hoto a gaban kwamfuta ya dafe haɓa, hoto yana nuna wata gada da yatsa kamar shi ya haife ta.

Da Gwaggo ta tashi tafiya sarin kayan shagonta ƙasar da yake, sai aka ce in raka ta. In riƙe mata jaka, in karanta mata allunan hanya, in kuma ga mutumin a inda yake rayuwa. Abba ya raka mu har bakin mota ya ce, "Ranar da za ku taso zan kira. Amsa ɗaya nake so, ko e ko a'a. Idan e ce, a satin nan zan sa rana."

Mun sauka, babu Injiniya. Saƙo ne ya tarye mu:

"Gimbiya, an tashe ni aikin gaggawa wani gari, gadar da muke yi ta samu matsala. Kin san idan babu ni komai tsayawa yake. Zan dawo kafin ku tashi, in sha Allah."

Na karanta wa Gwaggo muna jiran akwatuna.

Ta ce, "Kin ji ko? Idan babu shi komai tsayawa yake. Irin mijin da ake nema ke nan."

Na ce, "Gwaggo, injin niƙa ma idan ya lalace unguwa tsayawa take."

"Bakin nan naki shi ya zaunar da ke a gida, wallahi."

Masaukinmu ɗaki ne a hawa na uku, gadaje biyu ƙanana, labule ruwan ƙasa, butar dafa ruwa da Gwaggo ta ƙi yarda da ita sai da ta wanke ta da sabulun da ta taho da shi. Kafin a yi nisa ɗakin ya koma shago. Bandir na leshi a kan gadona, kwalayen takalma a ƙarƙashin nata, mayafai a rataye a jikin talabijin, jakunkunan bakko sun tokare ƙofar banɗaki har sai ka shiga da gefe. Kullum mu fita da hantsi mu dawo da la'asar. Gwaggo ba ta jin yarensu, ba sa jin nata, amma ban ga ɗan kasuwar da ya ci ribarta ba. Za ta ɗaga yadi, ta taɓe baki, ta ajiye, ta juya kamar za ta tafi, sai ka ga mutum ya biyo ta har bakin titi yana rantsuwa da yarensa.

Saƙonnin Injiniya kuma ba su yanke ba.

"Gimbiya, kin ci abinci? Ni ko zama ban samu ba."

"Yau sai da na daka wa wani Bature tsawa. Ba sa son aiki."

"Ki gaida Hajiya. Ki ce mata ɗanta yana nan yana fama da ƙarfe da siminti."

Ina amsawa da "Allah ya taimaka." Gwaggo tana karɓar wayar ta ƙara masa da saƙon murya mai tsawon huɗuba.

Ana gobe za mu tafi, mun taso daga kasuwa a tasi, sai direban ya tsaya a wata mararraba ya ɗaga hannaye sama. An tare hanya da ƙarafa, 'yan sanda na tsaye suna hira. Ya nuna mana cewa mu sauka mu ƙarasa da ƙafa. Gwaggo ta yi masa faɗa da Hausa, ya ba ta haƙuri da yarensa, suka rabu kowa ya gamsu. Na rataya jaka ɗaya a kafaɗa, na rungumi kwalin takalma, ita kuma ta gyara mayafinta ruwan zuma a kan leshinta, ta sa ƙafa gaba cikin farin takalmin gudu da likita ya sa ta take sawa saboda gwiwa.

A daidai nan wayata ta yi ƙara.

"Ina kan gada yanzu haka. Rana kamar za ta fasa kai. Ki yi min addu'a."

Na mayar da ita jaka. Muka sha kwana, sai muka faɗa cikin taro.

Har yau ban san bikin mene ne ba, ban kuma tambaya ba. An ratsa igiyoyi daga bene zuwa bene, an rataya tutocin takarda. Tsofaffi sun fito da kujerun roba bakin titi, yara a wuyan iyayensu, mata a tagogi suna watso yankakkun takardu masu launi. Wasu mutum biyu sun hau dogayen sanduna suna tafiya kamar raƙuman dawa, kawunansu dab da wayar lantarki. An ja igiya gefe da gefe don kada 'yan kallo su shiga tsakiya. Ba gaba, ba baya. Dole muka tsaya.

Gwaggo ta ce, "A'uzu billahi. Dubi ƙarti, rana tsaka, ba aikin fari ba na baƙi."

Masu busa suka fara wucewa da manyan ƙahonin tagulla, kumatu kamar za su fashe. Bayansu makaɗa, duka cikin jajayen riguna masu maɓallin zinariya, fuska a rufe da wani farin abin roba daga goshi zuwa hanci, an soka gashin tsuntsu a sama.

"Dubi wancan," in ji Gwaggo. "Gemai-gemai da shi, da gashin kaza a ka. Wannan idan yana da uwa ta yi asara."

Kiɗan nasu hayaniya ce mai tsari, irin wanda za ka ji ka manta kafin ka isa gida. Suka zo daidai inda muke, shugabansu ya busa usur, suka tsaya. Sauran suka yi shiru, aka bar wa mai babbar ganga fili shi kaɗai.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba. Mutumin ya iya. Ya fara a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, ya dakata, ya sake, sannan ya karya kiɗan ya juya shi wata hanya da babu wanda ke titin ya san ta sai mu biyu. Kiɗan gidan biki ne na wajenmu, wanda ake yi idan uwar amarya ta shigo fili. A tsakiyar garin da ko sunan titinsa ban iya faɗa ba, sai na ji ni tsaye a tsakar gidanmu. Na matse kwalin takalman a ƙirjina.

Na juya in ga ko Gwaggo ta ji abin da na ji. Kafaɗunta sun riga ni.

Ta ce, "Ke, wannan hannun na gida ne."

A nan sai na tsaya in faɗa muku wace ce Gwaggo a kan makaɗa. Shekara biyu da suka wuce akwai wani malamin lissafi da ya zo neman aurena, ni ma ina so. Gwaggo aka ba bincike. Ta bi uba ba ta samu komai ba, ta bi uwa ba ta samu ba, sai ta hau mota ta tafi ƙauyensu ta tono cewa kakansa na wajen uba makaɗi ne. Ta dawo ta zauna a falon Abba ta ce, "Ba a haɗa mu da maroƙa. Abin a jini yake." Maganar ta mutu a ranar. Malamin ya yi aure bara. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Wannan Gwaggon ce ta ajiye jakarta a kan ƙafata, ta toshe hanci, ta rangaɗa guɗa.

Titin gaba ɗaya ya juyo. Aka ɗauki tafi, an zaci cikin shirin ne. Na ajiye kwalin, na zaro waya na fara ɗauka. Ba don tarihi ba. Na so in ajiye mata ne zuwa ranar da za ta sake kiran wani maroƙi.

Wata budurwa daga cikin 'yan wasan tana zagayawa da hula, mutane na jefa sulalla. Ta miƙo wa Gwaggo. Gwaggo ta dubi hular kamar an miƙo mata kwanon wanke-wanke.

"A hula? Sai ka ce sadaka? Mutanen nan ba su san darajar kiɗa ba. Makaɗi a goshi ake ba shi."

"Gwaggo, nan ba gida ba ne."

"Kula min da jakar nan."

Ta zuge 'yar jakar da take ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin mayafi, ta zaro sabuwar takardar kuɗinsu. Matar da hawa bene sai ta yi salati a kowace matakala, ita ce ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya kamar 'yar shekara ashirin. Wani ɗan sanda ya yunƙuro, ya ga tsohuwa ce tana rausaya, ya koma yana dariya. Ta nufi mai gangar tana taku ɗaya-ɗaya, takardar a sama.

Mai gangar ya gan ta. Na lura ya ja da baya, ya sake ja, har bayansa ya daki na bayansa. Hannayensa ba su tsaya ba, don duk titin shi ake saurare.

Gwaggo ta manna masa takardar a goshi. Roba ce, ba gumi, ta sulale ta faɗi. Ta duƙa ta ɗauka, ta sake mannawa. Ta sake sulalewa. Jama'a suka kwashe da dariya. Duk wanda ya san Gwaggo ya san ba a yi mata dariya ta bar abu.

Ta ce, "Kai, ɗaga wannan tarkacen."

Bai ɗaga ba. Ta sa tafin hannu ta tura abin sama har gashin tsuntsun ya karkace. Ga goshi nan sharkaf da gumi. Ta danna takardar da babban yatsa, ta zauna daram. Ta ja baya tana murmushin wadda ta ci gari. Sannan idonta ya sauka ƙasa da takardar.

Gangar ta yi shiru.

Masu karatu, na sha jin ana cewa jikin mutum ya yi la'asar. Ranar na ga yadda yake yi. Injiniya ne. Gashin bakin nan da yake shafawa a falon Abba, ɗan tabon nan na gefen gira, komai. Gadarsa ce rataye a cikinsa da maɗaurin fata.

Abin da ya biyo baya shi ne har yanzu idan na tuna nake ajiye cokali. Tarbiyya ta riga tunani. Ya yi ƙoƙarin rusunawa, gangar ta tokare shi a gwiwa, ya tsaya rabi a sama rabi a ƙasa, da kuɗi a goshi, ya ce:

"Hajiya, ina wuni?"

Gwaggo ta ce, "Lafiya lau."

Shugaban ya busa usur da ƙarfi. Injiniya ya ja robar ya rufe fuska a kan takardar, ya ɗaga sanduna, jerin ya ci gaba. Da zai wuce ta gabana ya juya kai wancan gefen. Na bi shi da wayar har ya sha kwana.

Gwaggo ta dawo ta ƙarƙashin igiya, wannan karon da salati. Wata tsohuwa ta rungume ta, wani ya nemi su yi hoto. Muka isa masauki. Ta cire takalma, ta yi la'asar, ta daɗe a kan sallaya fiye da yadda ta saba. Ni kuma na hau ɗaure kaya.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce kowane mutum yana da masu kama da shi bakwai a duniya."

"Haka ake cewa."

"To wannan ɗaya ne daga ciki."

"Gwaggo, mai kamar ne ya ce miki Hajiya ina wuni?"

Ta ja carbi. Sai kuma ta taso ta zauna a gefen gadona, a kan bandir ɗin leshi, ta kama hannuna. Idan Gwaggo ta kira ni "ke", lafiya ce. Idan ta ce "Uwata", akwai abin da take nema.

"Uwata."

"Na'am."

"Abin da Allah ya rufe, bawa ba ya tonawa. Uwar yaron nan tare muka yi tallar ƙuruciya. Ni na shiga gidanku na ce na san shi ciki da bai. Ni na faɗa wa dangi kaf. Idan wannan maganar ta fita, da wane ido zan dubi Alhaji, mahaifinki? Da wane ido zan shiga suna ko biki?"

"Da wanda kika shiga ƙauyen malamin nan."

Ta saki hannuna.

"Ba ɗaya ba ne. Wancan gado ne. Wannan kuma neman halal ne a ƙasar mutane, wa ya gan shi?"

"Ke."

"To ni ban gani ba. Ke ma ba ki gani ba. Namiji idan ya yi aure nutsuwa yake. Ki ce e, a rufa wa juna asiri, ƙanwarki ma ta samu hanya. Wannan abin da kika ɗauka a waya kuma ki goge shi."

Ashe ta lura. Wanzami dai ba ya son jarfa. Na ce mata zan yi tunani, na ci gaba da zuge jakunkuna.

Daga wajen Injiniya shiru, sai bayan magariba saƙo ɗaya ya shigo:

"Gimbiya, na dawo gari. Gobe da safe ina tafe. Akwai bayani."

Ya zo kuwa. Mun sauko da kaya muna jiran motar filin jirgi a zauren masaukin, sai ga shi cikin kwat ruwan toka, da laktaye, takalmi na sheƙi, jakar fata irin ta manyan ma'aikata a hannu. Turarensa ya riga shi isowa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Gwaggo, yau ba abin da ya tokare shi. Ta amsa da "ɗana, ɗana" kamar jiya ba ta faru ba. Ya zauna a kujerar da ke fuskantata, ya ajiye jakar a gefen ƙafarsa. Yatsunsa uku a naɗe da filasta.

Ya ce, "Abin da kuka gani jiya, kamfaninmu ne yake sa ma'aikata su shiga harkokin al'umma."

Na ce, "Daga kan gada?"

"Da safe ina kan gada. Da rana aka kira ni."

"Wane gari ne gadar?"

Ya shafa gashin baki. "Gaskiyar magana, wani abokina ne ba shi da lafiya, na riƙe masa."

Gwaggo ta ce, "Kin ji ko? Taimako."

Na ce, "Wanda ya riƙe wa aboki ba a bar masa fili shi kaɗai. Tun yaushe kake yi?"

Ya dubi ƙasa. Na ɗauka gaskiyar ce za ta fito, na kuma shirya mata. Zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba. Da a ce a lokacin ya ɗago ya ce min karatun bai yiwu ba, wannan ce sana'ata, da ita nake ci nake biyan haya, ban ce zan aure shi ba, amma da na roƙi Abba ya ƙara min lokaci. A duk abin da na gani daga wajensa tun da aka haɗa mu, kiɗan nan ne kaɗai ba aro ba. Shi ya sa na buɗe masa ƙofa.

Na ce, "Ka iya kiɗa. Ban taɓa jin wanda ya kai ka ba."

Ya ɗago kamar na zage shi.

"Ni ba makaɗi ba ne. Ki iya bakinki. Gidanmu ba mu gaji roƙo ba, ki tambayi Hajiya."

"Haka ne," in ji Gwaggo. "Gidan mutunci ne."

"Karatun fa? Ka gama?"

"Saura kaɗan."

"Hular kwanon ta wa ce?"

"Gimbiya, wannan duk ba shi ne ba." Ya matso da kujera, ya rage murya. "Idan muka yi aure, asirina asirinki ne. Za ki zauna a gida wajen mahaifiyata tukuna, kina aikinki, ni ina zuwa lokaci-lokaci har abubuwa su daidaita. Babu wanda zai sani. Sunan matar injiniya za ki amsa. Abu ɗaya kawai nake roƙo, bidiyon nan ki goge shi a gabana."

Na dube shi sosai. Mutum ya haye teku, ya sami abu ɗaya tak da ya fi kowa iyawa, ya sa roba ya rufe fuska don kada a gan shi da shi. Yanzu kuma yana so in taya shi riƙe robar har ƙarshen rayuwata, ladana a kira ni matar injiniya.

Ban kai ga ba shi amsa ba wayar Gwaggo ta ɗauki ƙara. Abba ne, kiran bidiyo. Ta wayarta ya kira don babba ta zama shaida. Gwaggo ta ɗaga da sauri, ta juya wayar yadda Injiniya zai fito sosai da kwat ɗinsa.

"Alhaji, ga ɗanka nan, ya baro aiki ya zo rakiya."

Abba yana zaune a kujerarsa ta falo. Umma a bayansa da ludayi a hannu, Auta ta leƙo ta kafaɗarta, yau har da murmushi. Aka gaisa. Abba ya tambayi gada, Injiniya ya ce alhamdu lillahi an shawo kanta.

Abba ya ce, "Madalla. Ba ni Uwata."

Gwaggo ta miƙo min, ta taka min ƙafa da farin takalminta.

"Uwata, ina sauraronki."

Na ce, "Abba, a'a ce."

Ludayin Umma ya sauka. Murmushin Auta ya tafi inda ya fito. Abba ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Na ce amsa ɗaya nake so, kin ba ni. Amma wannan karon ba zan koma wa mutane hannu rabbana ba. Dalili?"

"Dalilin Gwaggo ta fi ni ganinsa, Abba. Ni daga nesa nake. Ita ce ta matsa kusa."

Na mayar mata da wayarta. Sannan na zaro tawa, na buɗe zauren hirar dangi, inda kawunai da gwaggwanni da surukai suke kaf, na ɗora bidiyon, na tsayar da babban yatsana a saman alamar turawa. Na karkata fuskar wayar yadda Gwaggo kaɗai za ta gani. Hoton da ya tsaya a kai nata ne, ta toshe hanci, baki a buɗe, tana guɗa.

Daga cikin wayarta Abba ya ce, "Yaya? Ke nake jira."

Gwaggo ta dubi yatsana. Ta dubi Injiniya, wanda ke girgiza mata kai a hankali. Ta sake duban yatsana. Ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya.

"Alhaji, sallami Auta daga falon tukuna. Maganar ta manya ce."

Injiniya ya miƙe ba sallama. Ya gyara laktaye, ya sunkuya ya ɗauki jakar fatarsa. Da ya ɗaga ta, sandunan ganga suka yi ƙara a ciki.